Ranar da Ban Ɗaga Labulen Ba

Tun cikina yana wata uku, kafin kowa ya sani in ban da ni da mai gidan, akwai abin da yake hana ni sakewa. Ina tsoron naƙuda kamar kowace mace, amma na fi tsoron bakina. Ina cikin wanke-wanke sai in tsaya da kwano a hannu ina tambayar kaina: idan Allah ya sauke ni lafiya, aka raɗa wa abin da na haifa suna, zan iya buɗe baki in kira sunan nan kuwa? In ma na iya, za a bar ni? A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kuma kaka ce take ɗauka ta riƙe. Alkunya ake ce wa abin, kuma ban taɓa jin wanda ya ga aibunsa ba. Ni ma 'yar fari ce, a haka na tashi, na kuma san inda ya kai mu ni da mahaifiyata. Shekaruna ba su kai na mai zama tana ba da labarin da ba, ko talatin ban cika ba. Amma duniyar da na yi wayo a cikinta ta riga ta tafi, ta bar min abu guda da na kasa ajiyewa.

A Ɗankaza na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda nake ce wa Inna. An ce ranar da aka cire ni a nono ta goya ni ta yi gaba, ban sake yin kwana uku a jere a gidanmu na Kausani ba sai da na zama budurwa. In na rufe ido yanzu, ƙarar gidan Inna ce take fara zuwar min kafin fuskokin mutanensa. Guga tana bugun bangon rijiya. Tattabaru suna guɗa a saman rumbu. Daga wannan gida taɓarya ta sauka, daga na maƙwabta wata ta amsa, har ka iya gane wace mata ce a bakin turmi daga yadda take bugu. Inna tana iya cewa, "Waccan yau da fushi ta tashi, ji yadda take dukan geron kamar shi ya yi mata laifi." Yanzu inda nake aure a cikin Wudil, inji ne yake tashe mu, sai babura, sai manyan motoci da suke gurnani a kan gada, sai waƙar da take fita daga wayar kowa. Na yi wata biyu ban ji ƙarar turmi ba, in ban da ɗan ƙaramin da ake jajjage.

Aiki kuwa tun kafin in iya ɗaura zani nake yinsa. Shara, ba wa kaji tsaki, tsinkar zogale, ɓarar gyaɗa har yatsa ya yi kanta, kai wa kawunnaina kunu gona da hantsi. Ba mu ɗauke shi wahala ba, don in mun gama ba mai tambayar inda muka nufa. Mu bi ta cikin dawa mu ɓulle fadama, mu jefo goruba, mu yi wanka a kududdufi mu dawo jikinmu fari fat da laka. Na sha tunani a kan wannan. Mu ƙafarmu a sake take, bakinmu ne a ɗaure. Yaran yanzu ba a yarda su leƙa ko ƙofar gida ba saboda lalacewar hanya, amma ba abin da ba sa iya faɗa wa iyayensu. Ban san wanda ya fi wani samun sarari ba. Inna dai kullum maganarta a kan ladabi take. "Babba yana magana, idonki a ƙasa." "In an miƙo miki abu, hannu biyu." Wadda ta fi maimaitawa kuma ita ce, "Ɗakin da ba a kira ki ba, ba ki da abin yi a cikinsa. Ki yi sallama, ki durƙusa a waje, ki jira." Ba da faɗa take faɗa ba. Sau da yawa kaina yana kan cinyarta tana min kitso, tana tauna goron da aka daka mata, don haƙoranta sun zube tun ban san kaina ba.

Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji kawunnaina suna kiranta. Sai da na kai shekara biyar ko shida wata yarinya ta ce min a wurin wasa, "Ke wawuya, ai ita ta haife ki." Doguwa ce, mai sanyin tafiya, in ta yi dariya sai ta kare baki da bayan hannu. Takan zo ganin gida bayan an cire amfanin gona da kuma lokacin Sallah. Ta gaishe da kowa, har awaki sai ta tambayi lafiyarsu, ni kuwa ta wuce ni kamar ginshiƙin rumfa. In dole ta kama sai ta ce "ke", ko ta ce da Inna, "Wannan 'yar taki ba ta jin magana ko?" alhali ban yi komai ba. Amma ina lura. Duk zuwan da za ta yi sai ta kwance ƙulli ta ce, "Inna, ga ƙuli-ƙuli na kawo miki." Inna ta ce, "Allah ya yi albarka. Da wane haƙorin zan ci, da na maƙwabta?" Su yi dariya, a turo min ƙullin. Haka ta taɓa kawo wa Inna takalmin roba ja wanda ko babban yatsan Inna ba zai shiga ba. Ina kuma kama ta tana kallona ta gefen mayafi in ina tsallen igiya, da na waiwaya sai ta mayar da ido kan tabarma.

Bayan na san ita ta haife ni, sai wani abu ya shiga raina. A wani bikin 'yan uwa, tsakar gida cike da mata, na gan ta zaune da ƙanwata a cinya tana yi mata rawa tana kiran sunanta. Ban san lokacin da na ruga na faɗa jikinta na rungume wuyanta ba. Na tuna ƙamshin man da ta shafa. Na tuna hannunta ya taɓa bayana, ya ɗan tsaya, sannan ta ture ni har na zauna a ƙasa. Mata suka kwashe da shewa. Wata ta ce, "Kai, 'yar fari ta tona asiri!" Goggo, yayar Babana da take zaune a gidanmu na Kausani tun rasuwar mijinta, ta finciko ni ta kunne ta kai ni bayan rumbu. Ta ce, "Kina so a ce uwarki ba ta da kunya? Kina so a riƙa nuna ta a gari? In kina ƙaunarta, ki yi nesa da ita." Na riƙe wannan magana kamar karatun allo. Daga ranar, duk son da nake yi wa Yaya na mayar da shi nisa. In ta shigo ta nan, in fita ta can. Har yabona ake yi.

Ina da kamar shekara goma sha huɗu Yaya ta samu cikin da ya zo mata da wahala. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya sunkuyawa. Da lokacin kaka ya yi, Inna ta ɗaure min kayana a ɗankwali ta ce, "Je ki kama wa Yayarki aiki har ta sauka. Ban da rawar kai." Na yi murna a ɓoye. Sati uku na yi a gidan ina girki, ina ɗebo ruwa, ina wanki. In na gama tuwo sai in ba ƙanwata ta shigar mata da shi, ni in tsaya daga waje. Ban taɓa taka cikin ɗakinta ba. Labulen ƙofar wani tsohon zani ne mai ruwan ganye, har yau zan iya zana furannin jikinsa.

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Baba da ƙannensa sun yi sammako sun kora raguna kasuwa. Goggo da sauran matan gidan suka tafi suna a wata unguwa mai ɗan nisa, suka tafi da yara duka har da ƙanwata. Goggo ta leƙa ta ce da Yaya, "Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, ku gaishe su." Lokacin haihuwar da saura kusan wata guda a lissafinsu, shi ya sa ba wanda ya damu. Aka bar min gero kwano uku in surfa.

Rana ta take tsaka, ina cikin surfe, sai na ji kamar murya. Na tsayar da taɓarya. Yaya ce take kiran sunan ƙanwata. Ta sake kira, a hankali, kamar mai magana da bargo a baki. Na goge hannu na je na durƙusa a bakin ƙofa, na yi sallama.

Na ce, "Yaya, ta bi su Goggo wurin suna."

Can ta ce, "Goggon ma ta tafi?"

"Sun tafi duka."

"Ke kaɗai ce a gidan?"

"Ni kaɗai ce."

Na ji numfashinta yana fita da ƙyar. Na jira ta ce in shigo, ko ta ce in kira wani. Sannan ta ce, "To. Je ki ƙarasa aikinki."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ga alamu. Ƙudaje sun taru a ƙasan labulen fiye da kullum. Akwai wani ƙarni da yake fitowa, irin na wurin da aka yanka rago. Muryarta ba tata ba ce. Na miƙa hannu har na kama gefen labulen, na ji laushin zanin a yatsuna. Sai na tuna bayan rumbu, na tuna shewar mata. Na ce a raina, in haihuwa ce ta zo, ni ce mutum ta ƙarshe a duniya da za ta so ta gan ta a haka. In na shiga na kunyata ta. In na ruga na kira maƙwabta ba ta aike ni ba, na yi rawar kai. Na saki labulen. Na koma bakin turmi na ɗauki taɓarya, na ci gaba da bugu da ƙarfi, don kada ta ji kunyar cewa ina jin nishinta. Ina ganin gata nake yi mata. Na surfe geron nan tas, na bakace, na wanke, na shanya. Sau biyu ina komawa bakin ƙofar in ce, "Yaya, sannu," ta ce, "Yawwa." A na uku ba ta amsa ba, na ce barci ne ya ɗauke ta.

Sai bayan la'asar Goggo ta dawo da ƙullin tuwon suna a hannu. Ta ɗaga labulen nan da hannu ɗaya, kamar ba komai ba, abin da na kasa tun rana tsaka. Salatin da ta saka har yau yana kunnena. Tabarma ta jiƙe, jini ya bi ƙasa har ƙarƙashin gado. Yaya ta jawo zannuwa uku ta tattare a jikinta tana ƙoƙarin rufe wurin. Aka yi ta gudu, aka samo wata a-kori-kura da ta sauke buhuna. Da za a ɗora ta, Goggo ta duba ba wata babbar mace kusa da ta shirya, ta ce min, "Hau ki riƙe kanta." Ranar ce rana ta farko da na riƙe mahaifiyata ba wanda ya ture ni. Kanta a cinyata, goshinta sanyi kamar randa. Da muka kusa Wudil hanya ta cushe da motocin shanu da 'yan kasuwa masu komawa gida. Direba yana ta oda, yana leƙowa yana rantsuwa yana cewa mara lafiya ce, ba inda za a matsa. A nan ta buɗe ido ta gan ni. Hannunta ya lalubi mayafi ta ja shi ta rufe ƙafafunta. Leɓenta ya motsa, na sunkuya na kai kunne. Na zaci sunana za ta faɗa.

Ta ce, "Kin gama surfen?"

Na ce, "Na gama, Yaya."

Ta ce, "Sannu."

Ba mu kai asibiti da ita da rai ba, abin da yake cikinta ma bai zo duniya ba.

A zaman makoki na zauna a lungu ina jin mata suna yabonta. "Baiwar Allah mai kunya." "Ko uhum ba ta ce ba, ga 'yar fari a tsakar gida." "Irinsu sun ƙare." Wata tsohuwa har ta dafa kaina ta ce, "Ke ma kin yi hankali, 'yar nan, ba ki yi mata kutse ba." Ba wanda ya tambaye ni abin da na ji ko na gani. Baba har ya koma ga Allah bai san na kama labulen nan na saki ba. Inna ce kaɗai ba ta sa baki a yabon ba. Bayan an share makoki muka koma Ɗankaza, wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa sai na ga hannunta ya tsaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ta kira ki?" Na ce, "Ƙanwata ta kira." Ta jinjina kai ta daɗe. Ta ce, "Ni na koya mata. Uwata ta koya min, ni kuma na koya mata, ta kuwa iya fiye da ni." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta rasu. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa kuma na yi imani. Amma wata ma'aikaciyar asibiti da na tambaya lokacin awon cikina, ba tare da na ce mata uwata ba ce, ta ce irin wannan zubar jinin in an kawo mace da wuri sau da yawa ana samun kanta. Na dawo gida ranar ban iya cin abinci ba.

Allah ya ba ni 'ya mace. Yau watanta ashirin da ɗaya, tana gudu tana kwashe min takalma tana zubawa a bokiti. Mai gidan kifi yake soyawa a bakin titi kusa da gada, kuma akwai ɗakuna biyu a zauren gidanmu da ɗalibai mata na jami'a suke haya. Ɗaya daga cikinsu, wata 'yar wajen Gombe, ita ta ƙara dagula min lissafi. Kullum da yamma sai ta kira uwarta a waya, irin kiran da ake ganin fuska, tana kwance tana kaɗa ƙafa. "Mami, wallahi na yi kewarki. Mami, kin rame, ba kya cin abinci ko?" Har musu suke yi. Na ji da kunnena tana cewa, "A'a Mami, wannan karatun ni zan yi shi, ki bar ni in zaɓa, ke dai ki yi min addu'a." Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Ke kuwa auta ce ko?" Ta yi dariya ta ce, "Anti, ni ce ta fari! Ni ce ƙawar Mamina, ko ciwon kai take yi ni take fara gaya wa." Na ce, "Ba kya jin nauyinta?" Ta ce, "Ina ji mana. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, kuma abin da ta hana ni da gaske ba na yi. Amma in ina tsoron shiga ɗakinta, wa zai san halin da take ciki?" Ba ta san abin da ta taka ba. Na ce tukunyata tana ƙonewa, na shige ciki.

Ba komai nata ne yake burge ni ba. Tana wuce dattawan unguwa a tsaye da abin sauraro a kunne, ta ce "sannunku" kamar mai jifa. Ba na so 'yata ta tashi haka. Ina so ta iya durƙusawa, ta iya karɓar abu da hannu biyu, ta san girman na gaba da ita. Amma tun ranar suna nake kiran 'yata da sunanta in mun kaɗaita, ina maimaitawa kamar mai koyon baƙon yare. Daga baya na fara mantawa ina kira a tsakar gida.

Uwar mijina, Hajiya, a ƙauye take zaune can bayan Kausani, takan zo mana ranar kasuwa. Ba zan zalunce ta ba, mace ce mai kirki. Ita ta yi min wankan jego kwana arba'in, ita ta dama min kunun kanwa, ta tsaya a inda uwata za ta tsaya. Tana son yarinyar nan kamar ranta, "ƙawata" take ce mata. Juma'ar da ta wuce ta uku tana zaune a kan tabarma tana warware tsarabar rake, yarinyar ta nufi murhu da gudu. Na daka mata kira da sunanta, na sure ta, na sumbaci kumatunta don tsoron da na ji. Da na juyo sai na ga Hajiya ta saki baki.

Ta ce, "Ikon Allah. Yau na ga zamani. A gabana?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, ai dama maganar da ta kawo ni ke nan. Yarinya ta isa yaye. In an kwashe gero zan zo in ɗauki ƙawata, in ta tashi aure ku zo ku ga ɗakinta. Kin ga kya huta, bakinki ma ya huta."

Da wasa ta ƙarasa, amma ta gama yanke magana. Na ajiye yarinyar na zo gabanta na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, yadda Inna ta koya min. Na ce, "Hajiya, ina neman alfarma. Ki tafi da ita ta yi sati biyu ta manta nono, in ya so a dawo min da ita. Duk hutu zan kawo miki ita da kaina."

Ta ce, "A dawo miki da ita ki yi ta lasa kamar akuya? 'Yar fari ce fa. Mijin naki da kike gani, shi ne na fari a wurina. Shekara talatin da wani abu ban taɓa faɗin sunansa ba, uwar ubansa ce ta riƙe shi. Mutuwa ya yi?"

Ban taɓa mayar wa babba magana ba tunda aka haife ni. Na ji bakina yana cewa, "Shi bai mutu ba, Hajiya. Tawa uwar ce ta mutu, ina bakin ƙofarta a durƙushe kamar yadda nake a gabanki yanzu."

Na gaya mata duka, har ƙudajen, har surfen. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa bayan Inna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi ta juya guntun rake a hannu. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi da sauri kamar ƙwaro ne ya faɗa. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta. Mace ce ta gari." Ta tashi ta ɗaura mayafi, ba ta ci abincin da na zuba mata ba. A bakin zaure ta tsaya ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Riƙe abarki. Amma kada ki sa ran zan tare miki bakin mutane."

Juma'a biyu ke nan ba ta zo ba. Ta aiko da rake da gyaɗa ta hannun mai mota, ta ce a ba ƙawarta, ni ba ta ce a gaishe ni ba. Mai gidan bai yi min faɗa ba, amma ya rage magana, in ya dawo sai ya zauna ya zuba wa yarinyar ido. Maganar ta riga ta kai dangi. A wani suna da na je shekaranjiya, ina shiga wata ta ce, "Ga 'yar boko nan, mai 'yar gwal," ni da ko firamare ban gama ba. Aka yi dariya, ba wadda ta matsa min wuri a tabarma. Na zauna a bakin ƙofa da 'yata a cinya. Ban sani ba ko Hajiya za ta huce, ban sani ba ko na raba yarinyar nan da kakar da za ta so ta kamar yadda Inna ta so ni, wannan ma yana hana ni sukuni. Na dai san da kaina zan yaye ta, a ɗakina, ta yi kukanta a jikina.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, ga abin da nake roƙo. Ku koya wa 'ya'yanku gaisuwa da durƙuso, ban ce ku bari ba. Amma yau, kafin rana ta faɗi, ku kira babban cikinsu ku gaya masa da baki cewa in ya ji muryarku ta canja, ya shigo ko ba a kira shi ba, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Sannan in kun idar da salla, ku sa mahaifiyata a addu'a.